Yadda Ake Gano Mai Jela, Tsuntsun Kurmi Mai Cafke Ƙwari a Iska

Tun ranar da na nuna hoton wani ɗan tsuntsu mai baƙin kai da jan baya, da jela kamar an ɗaura masa zare biyu, tambaya ɗaya ake ta maimaita mini: wai a ƙasar nan yake? In kuwa a nan yake, ya aka yi ban taɓa ganinsa ba? A nan yake. Mai yiwuwa ma ka sha wucewa ta ƙarƙashinsa a lambun mangwaro, yana ta kuka a samanka, kai kuma hankalinka na kan hanya.

Masana suna kiransa Terpsiphone viridis, kuma da wannan sunan za ka neme shi a manhaja ko a littafi. Ni da abokan yawona mai jela muke ce masa, haka kuma zan ci gaba da kiransa. Yana cikin tsuntsayen nan da ke zama kan reshe su yi lamo, ƙuda ko malam-buɗe-littafi na giftawa su zabura su cafke shi a iska. Ga yadda nake bi in gan shi, bi da bi.

1. Ka san wanda kake nema

Jikinsa ƙarami ne, tsawonsa kimanin santimita 17, nauyinsa bai wuce gram 12 zuwa 14 ba. Jelar namiji ce ke sa a ɗauka babba ne, don gashi biyu na tsakiyarta kan yi tsawo har su kai tsawon jikin gaba ɗaya. Kansa baƙi ne mai sheƙi kamar rinin shuni da aka buga, da ɗan tukku a ƙeya. Bayansa da jelarsa ja ne irin na jar ƙasa, cikinsa ruwan toka. Idonsa na da zobe shuɗi, bakinsa ma shuɗi ne, faffaɗa, da 'yan gasu masu tauri a gindinsa.

Abu biyu ke rikita sabon shiga. Na farko, mace ba ta da doguwar jela, launinta kuma bai kai na namiji haske ba. Matashin namiji ma haka yake, har babban ma yakan zubar da jelar lokacin sauya gashi. Wanda ya ƙudurta cewa sai ya ga jela zai tsallake rabin waɗanda ya haɗu da su. Na biyu, akwai maza farare: baya da jela fari fat, kai baƙi. Jinsi ɗaya ne, ba wani tsuntsu ba ne. Akwai kuma na tsaka-tsaki, ja da ɗigon fari a fiffike.

2. Kayan aiki da abin da za su ci maka

Madubin hangen nesa mai ido biyu shi ne kaɗai zai taɓa aljihunka da gaske. Nemi wanda aka rubuta 8x42 a jikinsa: takwas ɗin na nufin yana kusanto abu sau takwas, arba'in da biyun kuma faɗin gilashin gaba ne da milimita. A cikin kurmi duhu ne matsalarka, ba nisa ba, shi ya sa faɗin gilashi ya fi yawan kusantowa amfani. In 8x32 ka samu, shi ma ya yi, ga shi ba nauyi.

Hattara a nan: kada ka sayi waɗanda ake tallarsu a kasuwa masu jan gilashi da manyan lambobi, ko masu sandar ƙara kusantowa. Hotonsu duhu gare shi, yana rawa, kuma kafin ka samo tsuntsun a cikinsu ya daɗe da tashi. Farashin mai kyau sabo dala yake bi, don haka da yawanmu da na gwanjo muka fara. In na gwanjo za ka saya, gwada shi a gaban mai shi. Kalli wayar lantarki ko gefen gini mai nisa; in ka ga layin ya rabu biyu, ko ka ji idonka na ja bayan minti ɗaya, madubin ya taɓa faɗuwa, ajiye masa kayansa. Juya shi ka leƙa ta gilashin gaba, in ka ga farin abu kamar saƙar gizo-gizo a ciki, fumfuna ce, ba ta goguwa daga waje. Sannan ka kalli abin da ke taku uku ko huɗu daga inda kake. Madubin da ba ya fayyace abu na kusa ba na kurmi ba ne.

Kafin ka fita, daidaita shi da idonka sau ɗaya. Rufe idon dama, murɗa kewayen tsakiya har abin da kake kallo ya fito tas da idon hagu. Sai ka rufe hagu, ka murɗa ɗan zoben da ke jikin madubin idon dama har can ma ya fito. Daga nan kewayen tsakiya kaɗai za ka riƙa taɓawa.

Sauran kayan ba su da tsada: ƙaramin littafin rubutu da fensir, don biro kan ƙi rubutu in takarda ta jiƙe, gorar ruwa, takalmi rufaffe, leda ta saka waya da madubi in hadari ya taso. Manhajojin waya na Merlin, mai taimakawa wajen gane tsuntsu, da eBird da BirdLasser, na rubuta tsuntsayen da ka gani, duk kyauta ne, data kawai za ka kashe wajen sauke su. Wanda ke da hali ya nemi littafin tsuntsayen Afirka ta Yamma na Nik Borrow da Ron Demey, shi ne a hannun kusan duk mai wannan harka a yankinmu.

Sutura kuwa, bar farar riga a gida. Daga nesa take walƙiya cikin inuwa. Sa mai ruwan ƙasa ko kore mara haske, mai dogon hannu. In gandun dajin Yankari ko na Gashaka Gumti ka nufa, guji shuɗi da baƙi, su ne launukan da ke janyo ƙudan tsando.

3. Koyi kukansa tun kana gida

Wannan ne matakin da kowa ke son tsallakewa, shi ne kuma ya raba mai gani da mai dawowa hannu rabbana. A cikin goma da na gani, mafi yawansu sai da na ji su tukuna.

Shiga shafin intanet na xeno-canto, inda ake tara sautukan kukan tsuntsaye, wanda shi ma kyauta ne, ka rubuta sunan nan na masana, ka zaɓi sautukan da aka ɗauka a Najeriya, Gana ko Kamaru. Kuka iri biyu za ka riƙe. Akwai kira mai kaushi, gaɓa biyu, kamar "zwi-zwe", wanda yake yi kusan koyaushe yana kiwo. Akwai kuma waƙarsa, 'yar gajeruwar fito mai daɗi, "twi-twi-twi-twi", da sauri kamar ruwa na gangara kan tsakuwa. Kiran mai kaushi ya fi muhimmanci, don shi za ka fi ji. Saurare shi sau biyar da dare, sau biyar da safe, kwana uku. Ya isa.

Kada ka dogara da manhajar da ke sauraron kuka ta faɗa maka suna. A kan tsuntsayen yankinmu takan yi shiru, wani lokaci kuma ta ba ka sunan da ba shi ba.

4. Zaɓi wuri da lokaci

Inuwa da ruwa yake bi. Duk inda ka ga rafi da manyan itatuwa sun haɗe kai a samansa, maɗaci, kanya, ɓaure, tsamiya, to wurinsa ne. Tsohon lambun mangwaro mai rijiya ko kududdufi, harabar makaranta mai tsofaffin itatuwa, duk yana shiga. Fili fetal da gonar gero ba nasa ba ne.

A can arewa sosai, Kano, Katsina, Sakkwato har kudancin Nijar, baƙon damina ne. Yana biyo ruwa kamar yadda shamuwa ke yi, ya yi sheƙa, ya koma kudu in kaka ta wuce. Wanda ya fita nemansa a bushasshen lambu cikin hunturu ya wahalar da kansa. Ta wajen Jos, kudancin Kaduna, Taraba da duk inda kurmi ke riƙe ruwa shekara, damar ganinsa ta fi faɗi.

Ga mai son tafiya takanas, dajin Amurum da ke Laminga kusa da Jos shi nake fara ba mutane shawara. Ba shi da girma, kimanin hekta 300 ne, kuma a nan cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis take, wadda ke aiki da Jami'ar Jos tun farkon shekarun 2000, don haka akwai mutanen da suka san wurin reshe-reshe. Bakin kogin Gaji a Yankari ma wuri ne mai kyau. A manyan gandun daji akwai kuɗin shiga da na ɗan rakiya, wani wuri har da na kyamara, kuma suna sauyawa. Buga waya ka ji na ranar kafin ka kama hanya.

Hattara: akwai dazuzzukan da suka yi suna wajen tsuntsaye amma yanzu ba sa shiguwa saboda rashin tsaro. Kada ka bi abin da ka karanta a tsohon rubutu. Tambayi mutanen wurin halin da ake ciki a makon da za ka je, in suka ce a'a, to a'a ne.

Lokaci kuwa, daga fitowar rana zuwa hantsi ya fi. Ka yi asuba, ka karya, gari na wayewa kana wurin. Bayan la'asar ma yakan motsa, musamman a bakin ruwa.

5. Nemi izini kafin ka ɗaga madubi

A wannan zamani, baƙo da madubin hangen nesa a bayan gari abin tsoro ne ga mutane, kuma suna da gaskiya. Fara da mai unguwa ko mai lambun. Yi sallama, ku gaisa sosai, sannan ka fito da hoton a waya: "Baba, wannan tsuntsun nake nema, kallonsa kawai zan yi, ba kamawa ba. Ko kuna ganinsa a nan?" Sau da yawa amsar ta fi duk wata manhaja. Wani dattijo mai lambu ya taɓa kallon hoton ya ce mini, "Yaro, ai wannan kullum yana gindin mangwaron can na bakin rijiya," kuma can ɗin na same shi. Miƙa masa madubin shi ma ya leƙa, zargi kan gushe nan take.

Kada ka saita madubi wajen gidaje, ko mashayar da mata ke wanki, ko shingen jami'an tsaro. A Filato da kudancin Kaduna wasu kurmomin wuraren al'ada ne da ba a shiga sai da yardar masu su. Tambaya ba ta cin kuɗi.

6. Samu wuri ka zauna

Ga zuciyar aikin. Kuskuren da ya fi kowane yawa shi ne yawo. Mutum ya shiga kurmi yana ta ratsa ciyawa, yana taka busasshen ganye, duk abin da ke da fiffike ya yi gaba, sai ya fito ya ce ba komai a ciki.

Shiga a hankali, kana duba inda za ka sa ƙafa saboda kasa da kububuwa. Nemi wurin da haske ke ratsowa tsakanin itatuwa, ko inda rafi ya ɗan buɗe, don a nan ƙwari ke taruwa. Rana ta kasance a bayanka. In tana gabanka, duk tsuntsun da ka gani baƙi zai zame maka. Jingina da gindin itace don kada siffarka ta fito, bayan ka duba ba tururuwa ko kwarkwasa. Kashe ƙarar waya. Sai ka yi shiru minti ashirin cur.

Minti biyar na farko ba za ka ga komai ba, shigowarka ta sa kowa ya yi tsit. Wajen minti goma kurmin zai manta da kai. A nan ne za ka fara jin "zwi-zwe".

In ka ji, kada ka tashi. Juya kai kawai, a hankali. Ba ƙololuwar itace za ka duba ba, kuma ba ƙasa ba. Tsakiya yake so, rassan da ke ƙarƙashin rumfar ganye, daga tsayin mutum zuwa kamar ninki uku ko huɗu. Kuma ba tsuntsu za ka nema da ido ba, motsi za ka nema. Zai bar reshe, ya yi wata 'yar ƙwarya-ƙwaryar juyi a iska, jelar na binsa kamar an wurga ƙyalle, ya sauka kan wani reshen kusa. In wurin ya yi tsit sosai har ƙarar bakinsa za ka ji lokacin da ya datse ƙwaro, kamar an karya tsinke. Wani lokaci kuma yakan baza jela ya saki fikafikai yana bin ganye, yana tayar da ƙwarin da suka ɓuya.

Yanzu sai madubi, kuma a nan ma ana yawan faɗuwa. Kada ka sunkuya ka dubi madubin. Kafe idonka a kan tsuntsun, ka ɗago madubin ya zo ya sami idon. In ka kau da kai ko na ƙiftawa ne, sai ka sake nema daga farko. Gwada wannan a gida da kurciya ko tattabara har hannunka ya saba. In ya ɓace maka, sauke madubin ka koma ido tsirara. Yana da rassan da ya fi so, yakan dawo musu.

Da la'asar, in kana kusa da ruwa mara zurfi, kula da reshen da ya sunkuyo kansa. Mai jela ba ya tsayawa cikin ruwa ya yi wanka kamar sauran. Daga reshe yake faɗowa, ya taɓa ruwan, ya koma ya girgije. Na fi son wannan gani a kan kowane.

Hattara da kunna masa kukansa a waya don ya matso. Yana aiki, shi ya sa yake da illa. Namijin zai ɗauka kishiya ya shigo masa, ya bar kiwo da sheƙa yana neman faɗa da wanda babu shi. A damina, lokacin ƙwai da 'ya'ya, kada ka yi ko sau ɗaya.

7. Tabbatar shi ne

Kafin ka buɗe littafi, rubuta abin da idonka ya gani. Wanda ya fara buɗe littafi yakan ga abin da ke cikin littafin, ba abin da ke kan reshe ba. Launin ciki, launin jela, siffar baki, abin da yake yi: waɗannan huɗun.

Zalaiɗu da danginsa su ne aka fi kawo mini hotonsu a ce an ga mai jela. Su ma mazansu na da doguwar jela da damina, amma tasu baƙa ce, bakinsu gajere mai kauri na cin tsaba, kuma a fili suke, suna sauka ƙasa su yi kiwo. Mai jela ba ya tsintar tsaba.

Wanda ya fi wuyar rabewa ɗan'uwansa ne na cikin kurmi mai duhu, Terpsiphone rufiventer, wanda za ka tarar a dazuzzukan kudu irin su Okomu da Kuros Riba, da Kakum a Gana. Dubi ciki: namu ruwan toka ne, nasa ja ne tun daga ƙirji, baƙin ya tsaya a kai kawai. Yakan bi ayarin ƙananan tsuntsaye iri-iri da ke kiwo tare, don haka in ayari ya ratso ta gabanka ka bi su ɗaya-ɗaya. Inda mazauninsu ya haɗu sukan yi barbara da juna, a sami wanda ya ɗebo nan ya ɗebo can. In ka ga irin wannan, rubuta yadda yake, kada ka tilasta masa suna.

Akwai kuma wani ɗan ƙarami shuɗi bau, Elminia longicauda, da ba ya daina baza jela, da wani mai ruwan ƙasa da farin tabo a fiffike da ke zuwa daga Turai ya yi hunturu a wajenmu. Duk masu cafke ƙwari ne, amma ba mai jan baya da baƙin kai a cikinsu.

8. In ka ci karo da sheƙa

Ƙarama ce, kamar finjali, a ɗaure cikin gwafar siririn reshe, sau da yawa a saman ruwa ko hanya. Da zaren ciyawa da saiwoyi suke saƙa ta, su ɗaure da saƙar gizo-gizo, su manna mata 'yan ɓarɓashin gansakukar jikin itace har ta saje da reshen. Ƙwai biyu ko uku ne. Uwa da uba duka suna kwanci, kuma in namijin ne a kai za ka ga jelar ta zubo waje, sheƙar ba ta ɗauke ta. Kwanci kimanin mako biyu, renon 'ya'ya a sheƙa kusan wani mako biyun.

Zan faɗi abin da na yi don kada ka maimaita. A shekarata ta farko na sami sheƙa da 'ya'ya biyu. Wani ganye ya tare mini hoto, sai na sa hannu na tsinke shi, na kuma kira yaran da ke kusa na nuna musu don murna. Bayan kwana uku na dawo na tarar da ita wayam, gefe ɗaya a yage. Ko shaho ne, ko maciji, ko danƙon harbi, ni na buɗe musu hanya. Har yau in na tuna raina na ɓaci.

Saboda haka: tsaya aƙalla taku goma sha biyar daga sheƙa. Kada ka taɓa reshe ko ganye. In iyayen suna ta kira mai kaushi, ko ɗaya na riƙe da ƙwaro a baki ya ƙi sauka, ka yi kusa da yawa, ja da baya. Kada ka wuce minti goma. Kada ka bi hanya ɗaya kullum zuwa gindin itacen, sawunka na zama jagora ga wasu. Kada kuma ka yaɗa ainihin wurin sai 'ya'yan sun tashi.

9. Hoto da rubutu

Ba sai kana da babbar kyamara ba. Manna idon kyamarar waya a kan madubin ido ɗaya, jingina gwiwar hannu a kan gwiwarka, kashe filasha. Bidiyo ya fi sauƙi a duhun kurmi, daga baya ka ciro hoto a ciki, ga kuma kukan ka samu a kyauta.

A littafinka sa kwanan wata, lokaci, wuri, irin itacen, nawa ka gani, namiji ko mace, ja ko fari. In a arewa kake, ranar da ka fara ganinsa a shekara da ranar da ka daina suna da daraja, ka rubuta su kusa da ranar ruwan farko.

Sannan ka aika. Shirin taswirar tsuntsayen Najeriya, wanda ya fara a 2015, da BirdLasser yake karɓar bayanai. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita tara a tsaye tara a kwance. Cikakken rahoto na buƙatar aƙalla awa biyu na kallo a gida ɗaya cikin kwana biyar, kana rubuta duk tsuntsun da ka tabbatar, ba mai jela kaɗai ba. Wanda ba ka tabbatar ba, bar shi a littafinka. Ta wannan shirin ƙungiyoyin masu kallon tsuntsaye suka kafu a jihohi da dama, kuma fita da su ita ce hanya mafi arha ta gwada madubi kafin ka sayi naka.

In ka dawo gida da damina, kada ka cusa madubin cikin jakarsa da danshi. Goge jikinsa, hure ƙurar gilashin kafin ka sa ƙyalle mai laushi, ka bar shi a buɗe ya sha iska zuwa dare. In za ka ajiye shi, jefa masa 'yan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi.